Kubra Mai Kitso da Ƙidayar Matan Gwaram

Kubra mai kitso ba ta son a yi mata tambaya, duk wanda ya zauna da ita a Gwaram ya san haka. Ko hanya ka tambaye ta, sai ta dube ka sama da ƙasa kafin ta nuna maka. Abin ya samo asali tun tana 'yar shekara tara, a rugar mahaifinta kusa da Unguwar Ya. Wata rana da rani wani baƙo mai fara'a ya sauka wurinsu, ya ce falke ne, rana ce ta yi masa. Aka dama masa fura da kindirmo. Ya sha, ya yi ta yabon shanu, yana tambayar wannan haihuwarta nawa, waccan ina uwarta. Kubra ce ta gaya masa akwai wasu goma sha biyu da wanta ya kora ƙetaren rafi. Bayan kwana shida masu karɓar jangali suka zo da adadin garken cif, har da na ƙetaren. Mahaifinta bai dake ta ba, bai ma yi mata faɗa ba. Bijimi biyu ya sayar, kuma ya daɗe bai kira ta ta kawo masa ruwan alwala ba.

A hannun kakarta ta koyi kitso. Hannunta ba zafi, tsagarta kuma kamar an ja zare. Shekara uku kafin mulkin kai ta auri Hambali, wani maɗinki mai keke a bakin kasuwar Gwaram, mutum mai son hira da dariya. Ana cikin siyasar farko, wata rana ya tsaya sauraron lacca a gindin tsamiya, wani ya rubuta sunansa, aka tsare shi wata uku ba a taɓa faɗa masa laifinsa ba. Da ya fito hirarsa ta ragu. Maƙwabta uku yake zargi da kai sunan, kuma da su ukun ya ci gaba da cin tuwo a ƙofar gida shekara da shekaru, don bai san wanne ne a cikinsu ba.

Ita kuwa Kubra sana'arta ta bunƙasa. Ta raba kwanakinta unguwa-unguwa, Laraba da Alhamis kuma tana ƙetare rafi zuwa ƙauyuka da rugage. Da tsinke da mataji da ɗan ƙoƙon man shanu take shiga gidajen da namiji baligi ba ya wuce zaure. Mace idan ta ɗora kai a cinyarta, ido a ƙasa, sai bakinta ya buɗe, ta faɗi abin da ko uwarta ba ta gaya wa ba. Kubra tana ji, tana tsaga, ba ta tankawa sai da "Allah ya kyauta". Ba a taɓa jin maganar wani gida ta fito daga bakinta a wani gida ba, kuma wannan ya fi iya kitson jawo mata jama'a.

Haka aka yi ta tafiya har kuɗin mai suka shigo ƙasa. Babura suka yi yawa, rediyo ta shiga kowane gida, samari suka watsar da fartanya suka tafi Kano leburanci, gishiri da sabulu da kananzir suka yi tashin da ba a taɓa gani ba. A shekarar 1979 soja suka ce za su mayar da mulki, aka kuma ce wannan karon har mata za su yi zaɓe. A yankin jam'iyyu biyu ne ke da ƙarfi. Ba mai kiran su da sunayensu na Turanci, alamarsu ake kira: 'yan Tulu da 'yan Tsani.

Ana saura wata biyu zaɓe, farkon damina, Salihu ya zo a kan babur. Ɗan wanta ne, a hannunta ya yi firamare, kuma sunan mahaifinta ya ci, shi ya sa ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce Babana. Ya bar koyarwa ya zama sakataren 'yan Tulu a Birnin Kudu, a ƙarƙashin ɗan takararsu, wani ɗan kwangila da ake kira Alhaji Abdulsalami. Ya kawo mata goro da turmin atamfa. Tun daga atamfar ta san da magana, don bai taɓa kawo mata abin da ya wuce goro ba.

Bayan ya ci abinci ya fito da maganar. Ya ce manyansu na Kano sun aiko a binciko mutum nawa ke tare da su, da kuma abin da jama'a suka fi so a yi musu. Maza an tambaye su, kowa ya ce yana tare da Alhaji, har waɗanda aka gani a taron 'yan Tsani jiya. Mata kuwa ba mai hanyar jin ta bakinsu, ga shi sun kai rabin masu zaɓe.

"Gwaggo, ke ce kike shiga ko'ina," in ji shi. "Ji kawai za ki yi, ki gaya mini."

"In na gaya maka, kai kuma ka gaya wa wa?"

"Takarda zan rubuta, adadi ne kurum. Ba sunan kowa."

Ta ce haka baƙon rugarsu ma adadi kawai ya kai. Salihu ya yi dariya, ya ce wannan zamanin Turawa ne. Ita ba ta yi dariyar ba. Ya yi ta roƙo, ya ce in bai kawo komai ba za a ba wani kujerarsa, ga shi ya riga ya ajiye aikin gwamnati, ga mata da ciki. Wannan ne ya karya ta. Ta ce ta yarda bisa sharaɗi: ba za ta ambaci sunan mace ko gida ba, ba za ta ce wa kowa ta zaɓi wani ba, kuma ya ɗauki atamfarsa ya kai wa matarsa. Da Hambali ya dawo ta gaya masa, ya ce shi ma ranar da ya tsaya a gindin tsamiya ji kawai ya je yi. Bai hana ta ba.

Ta fara da gidan A'i, aminiyarta tun suna amare, wadda take yi wa shuku duk mako biyu. Ta kai rabin kai, sai ta jefa tambayar kamar da wasa, wai ita A'i Tulu ce ko Tsani. Ta ji wuyan A'i ya sandare a hannunta. Surukar A'i, da ke gefe tana tsince wake, ta ɗago ta ce yaushe Kubra ta fara tambaya. Kubra ta ƙarasa kitson ta tafi. Kafin kwana uku magana ta zagaye unguwa cewa Kubra na ƙirga mata, wai za a sa musu haraji bayan zaɓe. Gida biyu aka aiko mata kada ta zo, wai mai kan ba ta da lafiya.

Sai ta daina tambaya, ta koma sauraro a ɓoye, tana jan hira ta inda take so. Kwana huɗu ta yi a haka. Ta ga abin da take yi ba shi da maraba da na falken nan da ya sha furarsu. Ranar Asabar ta koma gidan A'i, ta tsaya a tsakar gida a gaban matan gidan duka, ta faɗi wanda ya aiko ta da abin da aka ce ta jiyo. Ta ce wadda ba ta so ta yi shiru, kitso ba zai fasa ba. Wadda ta ga dama ta faɗi abin da ke damunta, ba sai ta ce ga wanda za ta zaɓa ba.

Surukar A'i ce ta fara, cikin faɗa. Ta ce in da gaske suke su je su dubi rijiyar unguwa, wadda tun tsakiyar rani ake kwana a layi a kanta ana kankaro laka. Daga nan bakin kowa ya buɗe. A haka Kubra ta riƙa yi a kowane gida, kuma abin da ta ji bai yi kama da abin da motar lasifikar Alhaji ke shela a kasuwa ba. Motar tana alkawarin wutar lantarki da babban ɗakin taro da kujerun Makka. Matan cikin gari ruwa suke magana, da tsadar gishiri da sabulu, da takin zamani da ake cewa ya zo amma mazansu ba su gan shi ba. Matan rugage suna kukan burtali da manyan gonaki suka cinye, har shanu ba su da hanyar zuwa mashaya sai da rigima. Na ƙetaren rafi kuwa magana ɗaya ce a bakinsu, gada. Da damina in haihuwa ta zo da gardama, ba motar da za ta ƙetaro ta kai mace asibitin Birnin Kudu. Bara an ɗauki wata a kan ƙyauren ɗaki, ta cika a bakin ruwa ana jiran ya janye. Kuma kowa ya san kwalbatin da ruwa ya tafi da shi a damina ta farko, Alhaji Abdulsalami ne ya yi kwangilarsa.

Akwai tambayar da su kuma suke yi mata, murya ƙasa-ƙasa, sai ta zo ɗaure bakin kitso. In mace ta shiga ta dangwala yatsa, mijinta zai sani? Mai unguwa fa? An ce akwai wani madubi da ake sawa a sama. Kubra ta ce ba ta sani ba. Da Salihu ya zo ta tambaye shi, ya rantse ba mai gani. Ta kai musu amsarsa kamar yadda ya faɗa, ta ƙara da cewa ita dai ba ta shiga ɗakin ta gani ba tukuna. Ta kuma lura da wani abu. Matan da suka fi damuwa da wannan tambayar, mazansu duk masu sanya hular 'yan Tulu ne.

Bayan mako biyar Salihu ya ce Alhaji na son ya ji daga bakinta. Ba ta so ba, amma ta hau a-kori-kura ranar kasuwa ta tafi Birnin Kudu. Ofishin shago ne mai ƙofa biyu, an manne bango da hotunan Alhaji, ga Fijo fara a ƙofa. Alhaji ya karɓe ta da mutunci, ya kira ta Inna, ya sa aka kawo mata lemo. Ta ajiye kwalbar a gefe ba ta sha ba. Ta zayyana masa abin da ta ji, har maganar kwalbati ba ta rage ba. Sannan ta ce a ganinta, cikin mata goma uku ne nasa, huɗu na Tsani, uku sun ƙi faɗa.

Alhaji ya ce to ai ukun nan da suka yi shiru nasa ne, kunya ce irin ta mata.

"Alhaji, wadda ke tare da mai mota ba ta ɓoyewa," in ji Kubra. "Wadda ta yi shiru, tsoro take ji."

Fuskarsa ta canja. Ya jawo wasu takardu ya kaɗa mata, ya ce masu unguwanni goma sha ɗaya sun tabbatar masa cikin goma tara nasa ne. Ta ce masu unguwanni ba sa yin kitso. Sai ya sassauta murya, ya ce ta gaya masa gidajen da ke da ƙorafi don ya share musu hawaye, ba don komai ba. Ta ce ta manta. Ya sake tambaya, ta sake cewa ta manta. Ya juya wurin Salihu ya tambaye shi, ba wannan ce matar Hambali maɗinki ba, wanda aka taɓa ɗaurewa a siyasar farko? Ya ce yanzu ya gane inda huɗun Tsani suka fito.

Salihu na gefe yana rubutu tun da ta fara. Kubra ba ta yi boko ba, amma ta ga ta yi magana mai tsawo shi kuwa rubutunsa bai cika rabin shafi ba. Da suka fito ta ce ya karanta mata. Ya karanta da sauri, ruwa da gada da burtali duk suna ciki, sai dai idonsa ba a kan takardar yake ba, a kan titi yake. A mota tana komawa ta yi ta juya abin. Ta rasa wanda za ta fi zargi, Alhajin da ya nemi sunaye ko yaron da ta yi wa wanka da hannunta.

Kwana takwas bayan haka wata babbar mota ta shigo Gwaram da buhunan gishiri da katan-katan na sabulu. Ba ko'ina aka raba ba. Unguwannin da Kubra ke zuwa aka bi, a jere kamar yadda take bin su, Litinin kafin Talata, har ƙetaren rafi. A ƙofar gidan su A'i aka ajiye buhu guda, mai rabon ya ɗaga murya ya ce Alhaji ya ji kukan matan gidan nan. Mijin A'i ya shiga ya tambaya wace ce ta kai kukan gidansa waje, kuma me ta ce.

Da la'asar A'i ta zo da kanta, ko zama ba ta yi ba.

"Shekara ashirin ina ɗora kaina a cinyarki, Kubra. Nawa aka ba ki?"

Kubra ta rantse ba ta ambaci gida ko ɗaya ba. A'i ta ce to aljani ne ya nuna musu ƙofar. Ta juya ta fita. A makon nan gida tara aka sallame ta. A wasu gidajen ba a sallame ta ba, amma tana yin sallama sai hira ta mutu, a miƙo mata kai kawai. 'Yan Tsani suna cewa 'yar leƙen asirin Alhaji ce, 'yan Tulu suna cewa ita ke zuga mata a kan gada. Ita ma ta shiga zargin kowa. Ta zargi mai a-kori-kurar da ke ɗaukar ta, ta zargi surukar A'i, har Hambali ta tambaya ko ya yi maganar a wurin cin tuwo. Ya ce shi da ya shekara goma sha biyar bai faɗi ra'ayinsa a kan ko farashin zare ba.

Ranar zaɓe an tashi da yayyafi. Layin mata a makarantar firamare ya fi na maza tsawo, abin da ba wanda ya zata. Kubra ta shiga bayan labulen, ta ɗaga kai ta dubi rufin da kyau, ta duba bango, ta taɓa buhun da aka kewaye wurin da shi. Ba madubi, ba rami. Da ta fito, matan da ke layi suna kallon ta, har waɗanda suka daina gaishe ta. Ta ce da ta kusa da ita, yadda na baya za su ji, "Ba mai gani." Maganar ta bi layi har ƙarshe.

Alhaji Abdulsalami ya faɗi. A cikin Birnin Kudu ya yi ƙoƙari, amma akwatunan Gwaram da ƙetaren rafi suka kayar da shi, kuma da aka kwatanta, abin bai yi nisa da lissafin Kubra ba. Wannan bai wanke ta ba. 'Yan Tulu suka ce ga shi nan, dama ta san abin da ta shuka. 'Yan Tsani suka aiko mata da shinkafa wai godiya, ta mayar, don ta san in ta karɓa ta tabbatar da maganar waɗancan.

Sai bayan kaka Salihu ya zo, a ƙasa, an karɓe babur ɗin. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya faɗi gaskiya. A takardar da ya aika Kano, bakwai cikin goma ya rubuta, maganar gada da kwalbati kuma bai sa ba, don Alhaji ne zai sa hannu. Sunan gida bai bayar ba, tunda bai sani ba. Amma da Alhaji ya matsa masa, ya faɗi unguwar da take zuwa kowace rana, aka sa wani mai sayar da goro ya riƙa bin ta daga nesa yana lura da ƙofofin da take shiga. Ya ce ya ɗauka alheri za a kai musu. Kubra ta saurare shi har ya gama. Ta ce ya tashi ya je gidan su A'i, ya tsaya a zaure ya maimaita wa mijinta abin da ya faɗa yanzu. Ya je. Da ya dawo ta ba shi abinci, amma ba ta ce ta yafe ba, shi ma bai tambaya ba.

A'i ta aiko a kira ta bayan sallar layya. Ba su tayar da maganar ba, A'i ta zauna ta miƙa kai, Kubra ta tsaga. Sauran gidajen suka dawo ɗaya bayan ɗaya cikin shekara biyu, ban da uku da ba su ƙara neman ta ba har abada. Hira ma ta dawo, ta miji da ta 'ya'ya da ta ciwo, amma da an zo kan siyasa sai a dubi Kubra a canja zance, ita kuma hakan ya fi mata. Wanda ya ci zaɓen ya haƙa rijiya biyu a cikin gari, ɗaya ta ba da ruwa. Gada ba a yi ta ba a zamaninsa. Salihu ya koma koyarwa a wani ƙauye, da ƙyar.

Shekara huɗu bayan nan matar Salihu ta haifi mace, ya aiko har Gwaram cewa ya yi wa gwaggonsa takwara. Hambali ya ji daɗi, ya ɗinka wa jaririyar riguna uku. Kubra ta je suna Birnin Kudu da turmin zane da kwalbar man shanu. Aka miƙo mata yarinyar, ta karɓa, ta yi mata addu'a, ta daɗe tana shafa gashin kanta, wanda ta ce zai yi kyan kitso. Salihu na tsaye a bakin ƙofa yana murmushi. Ta ɗago ta dube shi.

"Babana, an ce bana ma akwai zaɓe."

Ya ce akwai, amma shi ya bar siyasa, wallahi don Allah ya sa sunan. Ta ce to madalla. Ta kwana biyu a gidan, ta yi wa mai jego kitso, ta yi wa maƙwabta. Da za ta tafi ya rako ta tasha, yana ta ba ta labarin makarantarsu, ita kuwa tana jiran ya ɗauko wata magana. Bai ɗauko ba. Duk da haka sai da aka yi zaɓen aka gama, ba wanda ya aiko mata da komai, sannan ta fara kiran yarinyar takwara.